Kafin Ka Aiki Na'ura da Dukiyar Mutane, Gwada Bayaninka

Ɗana, da kai nake wannan magana, kai da ka koyi rubuta manhaja a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda, ko a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, ko kuwa a wayarka cikin dare bayan kowa ya kwanta. Da ke ma nake, 'yata, domin na san kuna cikin wannan sana'a. Na ga yadda hankalinku ya koma kan abin da ake yayi yanzu, wato haɗa ƙirƙirarriyar basira da manhajojin kasuwanci don ta riƙa yi wa mutane aiki da kanta. Ban zo in sanyaya muku gwiwa ba, ina son abin ƙwarai. Sai dai akwai wani ɗan wuri a cikin aikin da kusan kowa ke tsallakewa da gudu, alhali ta nan ne dukiyar mutane take salwanta. A kansa nake so mu ɗan zauna.

Lokacin da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, baki kawai gare shi: ka tambaya, ya amsa, shi ke nan. A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu rubuta manhaja hanyar da za su jera wa na'urar kayan aiki, ta zaɓi wanda ya dace ta kira shi. A Nuwamban 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida ta bai-ɗaya mai suna MCP don haɗa na'urar da irin waɗannan kayan aiki, kuma cikin 2025 OpenAI da Google suka rungume ta. Daga nan mai baki ya samu hannu. Yanzu yana iya duba sito, ya rubuta oda, ya aika saƙo, ya motsa kuɗi. Shi ne nake kira ɗan aiken na'ura.

To, ga abin da nake so ya zauna maka a zuciya. Ɗan aiken nan ba ya ganin cikin manhajar da ka rubuta. Layukan da ka kwana kana tsarawa, da rumbun bayanan da ka gina, duk a bayan labule suke gare shi. Abu uku kaɗai ke isa gare shi game da kowane kayan aiki: sunansa, da 'yan jimlolin da ka rubuta na bayanin abin da yake yi, da guraben da za a cike kafin a kira shi. In ya kira, sai ya ga amsar da ta dawo. Iyakarsa ke nan. Ka ɗauka yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya sauka tashar Gusau yau da safe, bai san gabas ba bai san yamma ba, ka miƙa masa kuɗi da 'yar takarda ka ce ya je ya dawo. Duk abin da takardar ba ta faɗa ba, da zato zai cike shi. Kuma wannan yaro yana da wani hali da ya kamata ka sani: bai cika dawowa ya ce bai gane ba. Yakan zaɓi abin da ya fi kama da daidai, ya aikata, ya dawo ya ce maka an gama, da lafazi mai daɗi.

Da yawanku in kun gama rubuta bayanin kayan aiki, sai ku karanta shi sau ɗaya, ku ga ya fito sarai, ku wuce. Ai dole ya fito maka sarai, tunda kai ka gina abin. Duk inda jimla ta gaza, ƙwaƙwalwarka ce ke cikasa ta ba tare da ka sani ba, don haka ba za ka taɓa ganin ramin ba. Karatunka ba awo ba ne. Yabon abokinka ma ba awo ba ne, shi ma ya ji ka kana bayanin aikin tun makonni. Ko ka tambayi shi ɗan aiken ko ya gane, zai ce ya gane. Hanyar auna bayani ɗaya ce tak: a ba ɗan aiken aiki irin na gaske, a zuba ido a ga abin da ya aikata. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Bari in sauko da maganar ƙasa. A ce wani ɗan kasuwar hatsi a Gusau ne ya ɗauke ka aiki. Yana da sito, yana da yaran da ke saya masa gero da wake a kasuwar Tsafe, yana kuma ba manoma taki bashi a Bungudu su biya da kaka. Yana son ɗan aike a WhatsApp wanda zai riƙa amsa masu saye, ya duba abin da ya rage a sito, ya rubuta oda, ya karɓi kuɗi, ya kuma biya yaransa. Ka haɗa kayan aikin karɓar kuɗi, ka rubuta masa bayani cewa yana karɓar kuɗi daga mai saye, a saka adadi. A wurinka magana ta ƙare.

Amma adadin me? Duk wanda ya taɓa haɗa manhaja da Paystack ya san cewa a can da kwabo ake rubuta kuɗi, ba da naira ba. Sun faɗa a fili a takardunsu, kuma ba su kaɗai ke yin haka ba a duniya. Naira 5,000 ita ce 500000. In ɗan aikenka ya rubuta 5000, naira 50 ya caji mai saye, kuma babu wata ƙara da za ta tashi, domin a wurin manhaja aikin ya tafi daidai. Wasu kamfanonin kuma da naira kai tsaye suke lissafi, a can in ya ƙara sifiri biyu saboda sabo, sai ya nemi rabin miliyan a hannun wanda ake bi dubu biyar. Kai ka san da wanne kake aiki. Shi bai sani ba sai ka faɗa masa. Bayanin da ya fi wancan shi ne wanda zai ce: wannan yana buɗe wa mai saye hanyar biya, ana rubuta adadi da kwabo, naira 5,000 ita ce 500000, kada a kira shi sai mai saye ya amince da jimillar kuɗin, ba ya mayar da kuɗi, ba ya kuma tura kuɗi ga kowa. Ka lura da jimlar ƙarshe. Faɗin abin da kayan aiki ba ya yi yana da amfani daidai da faɗin abin da yake yi, domin nan ne ɗan aike ya fi yawan ɗaukar wani a madadin wani.

Ƙasarmu cike take da irin waɗannan tarkuna, kuma wanda ya rubuta misalan da kake kwaikwaya a intanet bai san da su ba. Lambar BVN guda 11 ce, lambar NIN guda 11 ce, lambar waya ma guda 11 ce. Lambar asusun banki guda 10 ce, kuma a OPay lambar wayar mutum ce aka cire mata sifirin farko. In ka sa wa gurbi suna “lamba” kawai, wace lamba kake tsammani zai zuba? Haka sunayen wurare. Akwai Tudun Wada a Gusau, akwai a Zariya, akwai a Kaduna, akwai ƙaramar hukuma guda mai wannan suna a Jihar Kano. Akwai Samaru a Gusau, akwai a Zariya. Tsafe a tsofaffin takardu Chafe ce. Kwatarkwashi wani zai rubuta ta Kotorkoshi. Ƙaura wani da lanƙwasa zai rubuta, wani babu. In kayan aikin bincikenka ba ya gane suna sai an rubuta shi harafi da harafi yadda yake a rumbu, to ka faɗa a bayani, ka kuma lissafa sunayen da ya sani, tunda ƙananan hukumomin Zamfara 14 ne kacal. In ba haka ba, ɗan aiken zai nemi Kotorkoshi, a ce masa babu, shi kuma ya gaya wa manomi cewa ba a san da bashinsa ba. Kwanan wata ma haka: 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris. Ga kuma awo: tiyar wata kasuwa ba ta wata ba ce, buhun gero da buhun taki ba nauyinsu ɗaya ba.

Ba ina cewa ka zauna ka hango dukkan waɗannan da kanka ba. Ba za ka iya ba, babu mai iyawa. Gwaji ne zai tono maka su, shi ya sa nake matsa maka a kansa.

Fara da tara tambayoyin gaske. Kada ka ƙirƙiro su a kan teburinka, domin za ka rubuta su da tsabta, cikin harshen da bayaninka ya riga ya sani. Nemi izinin maigidan ka ɗauko ainihin saƙonnin da masu saye da yaransa suke turo masa, ka goge sunaye da lambobin waya kafin ka yi aiki da su. Wannan haƙƙin mutane ne tun kafin a ce dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta. Za ka ga yadda mutanenmu ke magana da gaske. Wani zai ce a turo masa buhu goma irin na rannan. Wani zai ce zai aiko jibi in Allah ya kai mu. Wani zai ce a ba yara dubu biyar-biyar, bai faɗi su nawa ba. Wani zai haɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya, wani Zamfaranci tsantsa, wani saƙon murya ne da hayaniyar kasuwa a bayansa. Tara gommai daga cikinsu, masu sauƙi da masu wuya, ka fi ba da ƙarfi ga waɗanda sai an kira kayan aiki uku ko huɗu a jere kafin su kammala, domin a nan ne gazawar bayani ke bayyana.

Sannan, tun kafin ka kunna komai, rubuta a gaban kowace tambaya abin da ya kamata a tarar in an gama: buhu nawa ya kamata ya ragu a sito, nawa ya kamata ya shiga asusu, oda nawa ya kamata a gani a rajista. Da wannan za ka yi hukunci, ba da kalaman ɗan aiken ba. In ya ce ya rubuta oda, je ka duba rumbu ka gani da idonka. Gani ya kori ji. Masu bincike na kamfanin Sierra a Amurka sun bi wannan hanya a wani ma'auni da suka fitar a Yunin 2024 mai suna tau-bench. Sun kwaikwayi shagon sayar da kaya da kamfanin jiragen sama, suka ba ɗan aike kayan aiki da dokokin kamfani, sannan suka riƙa kwatanta yadda rumbun bayanai ya kasance a ƙarshen hira da yadda ya kamata ya kasance. GPT-4o, wanda yana cikin na gaba-gaba a lokacin, bai kai rabin ayyukan ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na biyu: da suka maimaita aiki ɗaya sau takwas, ayyukan shagon da ya ci duka takwas ɗin ba su kai kashi 25 cikin 100 ba.

Na'urorin yau sun fi na wancan lokaci, amma darasin bai tsufa ba. Ɗan aiken na'ura ba ya bin hanya ɗaya kullum. Tambaya ɗaya, bayani ɗaya, yau ya yi daidai gobe ya kauce. Saboda haka gwaji sau ɗaya ba gwaji ba ne, sa'a ce. Maimaita kowace tambaya sau da yawa ka ƙirga. Kuma ka yi wannan ɗan lissafi da ni: in a kowane mataki yana yin daidai sau 95 cikin 100, aikin da ke da matakai goma zai kammala lafiya kusan sau 60 ne kawai cikin 100. Kashi 95 ɗin da kake alfahari da shi a gaban maigida, ga inda ya koma. Maigidan kuwa ba sau ɗaya zai yi ciniki a rana ba.

Ƙirga kaɗai ba za ta gaya maka inda ciwon yake ba. Sai ka buɗe rajistar aikin ka bi sawun ɗan aiken mataki-mataki: wane kayan aiki ya kira, me ya zuba a gurabe, wace amsa ya samu, me ya yi bayanta. Wannan aiki ne mai gajiyarwa, kuma shi ne ya raba mai sana'a da mai wasa. In ka ga yana kiran mai duba sito a inda ya kamata ya kira mai duba oda, to sunayensu ko bayanansu sun yi kama da juna, ka raba su sarai ko ka haɗe su su zama ɗaya. In yana zuba abin da bai dace ba a gurbi, gurbin yana bukatar suna mai ma'ana da misali. In yana kiran abu ɗaya yana sake kira, mai yiwuwa amsar da ke dawo masa ba ta gamsar da shi ba, ko ta yi masa tsawo har abin da yake nema ya nutse a ciki. Ko manyan kamfanoni ta haka suke kama nasu. Anthropic sun ba da labarin yadda, da suka fito da kayan aikin binciken intanet, suka lura na'urarsu Claude tana liƙa shekarar 2025 a ƙarshen abin da take nema ba gaira ba dalili, abin da ke karkatar da sakamakon. Gyaran bayanin kayan aikin ne ya magance shi. Ba wanda zai gano wannan ta hanyar karanta bayanin, sai wanda ya bi sawu.

In ka tashi gyara, gyara abu ɗaya, ka sake gudanar da gwajin gaba ɗaya. In ka canza abu biyar lokaci guda sakamako ya yi kyau, ba ka san wanne ya yi aikin ba, ba ka kuma san wanne ya ɓata wani wuri a ɓoye ba. Ka kuma ware wani kaso na tambayoyin ka ajiye gefe, kada ka dube su lokacin gyara. Dalili kuwa, in kana ta gyaran bayani a kan tambayoyi iri ɗaya, sannu a hankali za ka ɗinka shi daidai jikinsu, ya ci su duka, sannan ya faɗi ranar da baƙuwar tambaya ta zo. Waɗanda ka ajiye su ne za su faɗa maka gaskiya.

Akwai wani rukunin tambayoyi da matasa ke mantawa da shi, ni kuwa shi na fi damuwa da shi: waɗanda amsarsu ta daidai ita ce kada a taɓa komai. Mutumin da ya ce a ba yara dubu biyar-biyar bai faɗi su waye ba, abin da ya dace shi ne ɗan aiken ya tambaya. Wanda ya ce a yafe masa bashin taki, wannan ba hurumin na'ura ba ne, na maigida ne. Wanda ya nemi a gaya masa yawan kayan da ke sito alhali ba a san shi ba, a ba shi haƙuri. Ma'aunin da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka kafa don gwada kiran kayan aiki ya ware sashe musamman saboda wannan, wato a ga ko na'ura za ta gane cewa babu kayan aikin da ya dace ta kame hannunta. Ka sa irin waɗannan da yawa a gwajinka. Ɗan aiken da bai san tsayawa ba ya fi wanda bai iya tafiya ba haɗari.

Yanzu batun sabis, wanda mu a nan ba sai an ba mu labari ba. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, Gusau ta yi kusan wata guda a haka, wasu ƙananan hukumomin suka fi haka daɗewa. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, kowa ya ɗanɗani tiransifar da ke fita daga asusunka ba ta isa ga mai ita ba. Ko yau, tsakanin Tsafe da Gusau ko a ƙauyukan Bungudu, sabis na zuwa yana ɗaukewa. To ka tambayi kanka: in ɗan aikenka ya tura kuɗi, amsa ba ta dawo ba, me zai yi? In saƙon da ya samu shi ne “an samu matsala” kawai, sau da yawa zai sake turawa, tunda a ganinsa na farko bai tafi ba. Ga shi an biya mutum sau biyu. Saƙon matsala ma bayani ne, kuma ɗan aike yana karanta shi yana aiki da shi. Sa shi ya ce: ba a tabbatar ko kuɗin sun fita ba, kada a sake turawa, a duba matsayin cinikin da wannan lambar shaida tukuna. Sannan ka gwada wannan da gangan. Katse layin da hannunka a tsakiyar ciniki ka ga abin da zai yi. Kada ka bari ranar kasuwa ce za ta fara gwada maka.

Wani lokaci za ka gyara bayani har ka gaji kuskuren bai tafi ba. A nan ka daina ƙara jimloli, ka gyara kayan aikin kansa yadda kuskuren ba zai yiwu ba. Injiniyoyin Anthropic sun faɗa a Disamban 2024 cewa da suke gina ɗan aike mai gyara manhaja, sun ɓata lokaci a kan kayan aikinsa fiye da umarnin da suka ba shi. Ya riƙa ɓata wajen nuna inda fayil yake in ya sauya wuri, sai suka wajabta a riƙa rubuta cikakken adireshin fayil daga tushe, kuskuren ya ɗauke. Kai ma haka. In kwabo na ba shi wahala, sa kayan aikin ya karɓi naira, manhajarka ta yi ninkin da kanta. In sunan gari na rikita shi, ba shi jerin da zai zaɓa daga ciki. In biya sau biyu kake tsoro, sa kowane ciniki ya zo da lambar shaida wadda ba a karɓarta sau biyu.

Ka kuma tabbata abin da bayanin ya ce shi ne abin da kayan aikin ke yi. A Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars mai suna Mars Climate Orbiter. A rubuce an ce a ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin mita, amma wata manhaja a ƙasa tana fitar da shi da ma'aunin fam na Amurka, bambancin ya fi ninki huɗu. Takarda daidai take, aiki ne ya saɓa mata, ba a kuma kama saɓanin ba sai da kumbon ya salwanta. Irin wannan na faruwa a ƙananan ayyuka kullum: ka sauya manhaja ka manta da bayani, ɗan aike ya ci gaba da gaskata tsohon zance. Duk ranar da ka taɓa kayan aiki, ka taɓa bayaninsa, ka sake gwaji. Haka in kamfanin da kake hayar na'urarsa ya fito da sabuwa, domin bayanin da ya shiryar da wata ba lallai ya shiryar da wata ba. Wannan ya shafi tambayar da ake yawan yi, wai da Turanci za a rubuta bayani ko da Hausa. Akasarin manyan na'urorin sun fi ƙwarewa a Turanci, ko da yake ana ƙoƙari a gida, irin N-ATLaS da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Satumban 2025 mai jin Hausa da Yarabanci da Ibo. Kada ka yanke hukunci da son zuciya ko da kishin harshe. Rubuta duka biyun, gudanar da tambayoyinka a kan kowanne, ka ɗauki wanda ya fi kare kuɗin mutane.

Saura magana mai nauyi, ka ba ni hankalinka. Tunda ɗan aike yana gaskata bayanin kayan aiki, to mugu ma yana iya yi masa magana ta nan. A Afrilun 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs sun nuna haka a aikace. Sun haɗa wani kayan aiki da a zahiri lissafin tara lambobi kawai yake yi, amma a cikin bayaninsa suka cusa umarnin a karanto fayilolin sirri na mai kwamfuta a miƙo, ɗan aiken kuwa ya bi. Sun kuma nuna yadda gurɓataccen kayan aiki zai sa a kwashe hirarrakin WhatsApp na mutum a aika wa baƙo, da yadda mai kayan zai iya sauya bayanin bayan ka riga ka amince da shi. A wata ƙasa wannan asarar sirri ce. A Zamfara ta wuce nan. Ka san abin da ake nufi in labarin wane ya sayar da kaya, nawa ya karɓa, yaushe motarsa za ta taso daga Tsafe, ta wace hanya, ya faɗa hannun da bai kamata ba. Mun binne mutane saboda irin wannan labari. Don haka duk kayan aikin da ka ɗauko daga intanet, karanta bayaninsa kaf, tun daga harafin farko har na ƙarshe, ainihin wanda ke isa ga na'ura, ba taƙaitaccen da ake nuna maka a allo ba. Ajiye kwafinsa, ka sa manhajarka ta tsaya in ya canza. A cikin gwajinka kuma ka sa saƙonnin yaudara, irin wanda zai ce shi ne maigida ya canza layi a turo masa jerin motocin gobe.

Duk kyan bayani, roƙo ne ga ɗan aike, ba ya ɗaure masa hannu. A Yulin 2025 ɗan aiken kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan wani ɗan kasuwa a Amurka, alhali an gaya masa a sarari kada ya taɓa komai, har shugaban kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Saboda haka abin da ba ya gyaruwa in ya ɓaci, kada ka bar shi a hannun jimla. Iyakar kuɗin da za a iya turawa a rana, sa ta a cikin manhaja. Ikon goge rajistar bashin manoman Bungudu, kada ka ba ɗan aike shi sam. Duk kuɗin da za su fita, su tsaya sai maigida ya ga suna da adadi a wayarsa ya danna da yatsansa.

Ranar da za ka miƙa aikin, tafi da takardar sakamakon gwajin. Zauna da maigidan ka nuna masa da Hausa: ga tambayoyin da aka gwada, ga sau nawa aka maimaita kowace, ga inda ɗan aiken ya ci, ga inda yake tuntuɓe har yanzu, ga kuma ayyukan da ka hana shi taɓawa da dalilin hanawar. In akwai wanda bai kai ba, ka ce masa bai kai ba, a bar wa yaransa shi zuwa lokacin da ka gyara. Ku kuma yi yarjejeniya tun a ranar cewa duk wata za ka dawo ka ɗauki sababbin saƙonnin da suka shigo, musamman waɗanda aka yi ƙorafi a kansu, ka ƙara su cikin tambayoyin gwaji, ka sake gudanar da shi daga farko.